Farauta a Ƙasar Daura: Me Ya Cinye Dajin?

Fitaccen labari a tarihin Daura na kisan dabba ne. Labarin Bayajidda ya nuna cewa macijiyar rijiyar Kusugu ta hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, shi ya sa aka sare mata kai. An kashe ta ne don ta tare wa gari ruwa, wato kisan yana da dalili. Ita ma farautar gargajiya tana da ƙa'ida da lokaci. Sai an gama kai amfanin gona rumbu, rani ya kankama, sannan Sarkin Dawa zai tsayar da rana da dajin da za a shiga, a kaɗa gangar farauta, samari su fito da karnuka da gora da barandami. Da ruwa ya sauka kuwa, kowa sai ya koma gona, ciyawa ta rufe daji, zabuwa ta kwanta a kan ƙwanta, zomo da gada su hayayyafa. Wannan hutun na damina shi ya riƙa mayar wa daji abin da rani ya ɗauke masa.

Yau namun daji sun yi ƙaranci. Wani zai ce ai mafarautan ne suka ƙarar da su, tunda su ke cinna wa daji wuta, kuma bindiga ta zo ta ƙara musu ƙarfi. Akwai gaskiya a nan, domin ƙona daji ɓarna ce da ba ta da uzuri. Amma da farauta ce kaɗai matsalar, da dokar kare namun daji ta Jihar Arewa ta 1963 ta magance ta. Abin da ya faru ya fi haka zurfi. Jama'a ta ƙaru, gonaki suka haɗe daga Sandamu zuwa Mai'aduwa, Zango da Ɓaure, aka daina barin saura ta huta. Farin 1973 da na 1984 suka kashe itatuwa, gatarin masu neman itacen girki ya ƙarasa sauran. Dabbar da ta rasa maɓoya da mashaya, ko babu maharbi ba za ta zauna ba.

Saboda haka gyara daga itace zai fara, kuma misalinsa na nan a tsallaken iyaka. Tun shekarun 1980 manoman Maraɗi da Damagaram suka koma rainon tohon gawo da kalgo a gonakinsu maimakon sassabe su, har fili mai faɗin hekta kusan miliyan 5 ya farfaɗo. Ƙasar Daura da ta Magarya, a can tsallaken iyakar, ƙasa iri ɗaya ce, damina ɗaya. Idan masarauta ta ɗora wa Sarakunan Dawa da dagatai nauyin hana ƙona daji, da keɓe kurmin da ba a farauta, mutanen da suka fi kowa sanin sawun dabba za su zama masu tsaronta. Mafarauci ya fi kowa asara ranar da daji ya ƙare, don haka da shi ya kamata a fara shawara.