Igiya da Sikeli a Ƙasar Rima

Tun da na yi ritaya na dawo gida, da wuya wata ya kama ya mutu ba tare da wani matashi ya yi mini sallama ba, riƙe da takardar digirinsa ta ilmin ƙididdiga, yana neman shawara a kan aikin auna haɗarin abinci da muhalli, wanda a zatonsa sabon fanni ne da ya sauka ƙasar nan tare da kwamfuta da ƙungiyoyin agaji na ƙetare. Tambayarsu guda ce kullum, wato wace manhaja ce ya kamata su ƙware a kanta. Ni kuwa sai in ce su fara gaya mini nauyin damin gero a Gandi, da abin da ya bambanta shi da damin Achida, da tiya nawa zai bayar bayan sussuka da shiƙa. Har yau ban sami mai amsawa ba, kuma ba na ganin laifinsu, domin an karantar da su sarrafa adadi, ba a nuna musu inda adadi ke fitowa ba.

Alhali kuwa aikin nan ya girme su, ya girme ni. Tun cikin shekarun 1960 David Norman da abokan aikinsa na Samaru suka zaunar da malaman ƙididdiga a ƙauyukan Zariya, suna bin magidanta gida-gida sau biyu a mako, suna rubuta abin da aka noma da abin da aka sayar da wanda ya yi aikin. Daga baya suka zo ƙasar Sakkwato suka yi irinsa a Takatuku da Kaura Kimba da Gidan Karma. Da aka kafa shirye-shiryen bunƙasa noma na Funtua da Gusau da Gombe a 1975 da rancen Bankin Duniya, sai awon gona ya zama sana'a mai ƙa'idoji rubutattu, da sashen sa ido a Kaduna. A farkon shekarun 1980 na shiga aiki, Allah kuma ya haɗa ni da malamin da duk abin da na sani a fannin nan daga hannunsa na karɓa, Allah ya jiƙansa da rahama. Mutumin Rabah ne, ya sauke Alƙur'ani, ya karanta Ahalari da Iziyya da Risala kafin ya shiga elementare, bai taɓa zama a ajin jami'a ba, amma na ga masu digiri biyu sun yi shiru suna saurarensa.

Abin da ya koya mini, wanda a yau ya kusa ɓacewa, shi ne yankan gwaji. Da farkon damina, bayan an gai da uban ƙasa an karɓi ɗan rakiya, an kuma sha wahalar gamsar da mutane cewa ba haraji aka zo ƙarawa ba, domin dattawa ba su manta da malaman taki na zamanin En'e ba, sai a jera sunayen magidantan gari a ba kowa lamba, a buɗe jadawalin lambobin ƙuri'a, irin wanda Fisher da Yates suka buga a 1938, wanda lambarsa ta fito shi za a bi gonarsa. A zagaye ta da kamfas da tef, idan awon bai dawo inda ya fara ba a sake shi daga farko, ko da rana ta take. Sannan a sake komawa jadawali a ɗauki lamba biyu, ɗaya ta takun da za a yi a gefen gona, ɗaya ta wanda za a yi zuwa ciki, inda ƙafa ta tsaya nan za a buga turaku a ja igiya. Da kaka kuma a dawo sau da yawa, domin gero daban yake nuna, dawa daban, wake sai an bi shi da roro. A shanya, a sussuke, a shiƙe, a rataya bisa sikeli, a rubuta, a mayar wa mai gona hatsinsa har ƙwayar ƙarshe.

Wata shekara a tudun Rabah ƙuri'a ta faɗa mana a wani ɓangare na gona da ƙuduji ya cinye, ga suri a tsakiya, alhali taku goma gaba gero ne tubarkalla ya fi mutum tsayi. Mai gonar, dattijo ne, ya ce, "Haba Malam, ku ɗan matsa gaba mana, kada ku kunyata ni wurin gwamnati." Malam ya russuna ya ce, "Baba, in na matsa dominka yau, gobe zan matsa domin wani, ranar da yunwa ta zo kuwa takarda za ta ce kun ƙoshi." Ya juyo gare ni ya ce, "Yaro, buga turken inda ƙuri'a ta faɗa." Haka yake da karan da ya tsaya daidai bisa igiya, a ɗauki ɗaya a bar ɗaya, ba a yarda ido ya zaɓa ba. Sai bayan shekaru, da na je ƙarin karatu, na tarar Mahalanobis da Sukhatme sun tabbatar a Indiya tun shekarun 1940 cewa ƙaramin filin gwaji yana kumbura amfanin gona, saboda hannun mai yanka ya fi karkata ga shigo da karan iyaka. Da farin 1984 ya zo, adadin da ya fito daga irin waɗannan igiyoyi bai yi wa wasu manya daɗi ba, amma babu wanda ya iya ƙaryata shi.

Malam yakan ce aikinmu yana da asali a shari'a, ya kawo yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake aika Abdullahi ɗan Rawaha zuwa Haibara domin ya kintaci dabino tun yana bisa itace, da yadda fuƙaha'u suka ƙayyade nisabin hatsi da wusiƙi biyar, wato sa'i 300, suka bambanta ushirin abin da ruwan sama ya shayar da rabin ushirin abin da aka sha wahalar ban-ruwansa. A wurinsa adadi kamar ruwaya yake, ba a karɓarsa sai da isnadi: wa ya auna, a wace rana, da wane sikeli, wa ya kwafa daga hannunsa. Shi ya sa kowane shafi na littattafanmu yake ɗauke da sa hannun mutum biyu.

Matasa suna ɗaukan maganar guba a abinci sabon abu, sun manta cewa tun 1960, lokacin da talotalo kimanin dubu ɗari suka mutu a Ingila bayan cin tunkuzar gyaɗa da aka kai daga Barazil, aka gano gubar aflatoksin da wata funfuna ke haifarwa, wadda ke jawo ciwon dajin hanta, kuma tun ranar masu sayen gyaɗar Arewa suka shiga bincikar buhunanmu. Wahalar awonta ita ce ba ta watsuwa daidai a cikin kaya. 'Yan ƙwayoyi kaɗan ne cikin dubbai ke ɗauke da ita, saboda haka wanda ya ɗebi cikin hannu daga bakin buhu guda a kasuwar Achida ya kai ɗakin gwaji, ko na'urarsa ta fi ta kowa tsada, bai auna komai ba. Sai an huda buhuna masu yawa, sama da tsakiya da ƙasa, an gauraya, an niƙe, sannan a ɗiba. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu, domin an sami sinadarin da ke cikin fiya-fiya har miligiram 4.6 a kilo guda, alhali iyakarsu 0.01 ce. Abin da ya fi damuna a lokacin shi ne kowa yana kukan kasuwar da aka rasa, ba mai lissafin yaron da ke karya kumallo da ƙosan waken nan kullum, ga shi nauyinsa bai kai sulusin na ubansa ba. Lissafin kuwa ba mai wuya ba ne, yawan gubar da ke cikin abinci, da yawan abin da ake ci a yini, a raba da nauyin jiki. Samun adadin gaskiya na ukun nan shi ne aikin. Gubar dalmar da ta kashe yara fiye da 400 a ƙasar Anka da Bukkuyum a 2010 ma, ba a san girmanta ba sai da aka bi gida-gida ana ƙirga waɗanda suka rasu.

A shekarar 2010 ɗin ce dai, cikin Satumba, ruwa ya ci ƙauyukan Goronyo da Wurno, ya share Kagara, ya yanke gadar da ke kai mutum mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Madatsar Goronyo, wadda aka kammala a 1984, an gina ta ne ta riƙe ruwa kubik mita miliyan 942, ruwan kuma daga nesa yake tahowa, ta Bunsuru da Gagare da Gulbin Maradi, har wani ya bi ta ƙasar Nijar kafin ya iso. Wanda zai ce ga lokacin buɗe ƙofofi yana buƙatar tarihin kogin na shekaru masu yawa ba yankewa, tarihin nan kuwa ƙananan ma'aikata ne ke rubuta shi, masu fita kowace safiya su karanta sandar awo a bakin gulbi, su zuba ruwan ma'aunin sama a kwalba mai zane. Na sha jin ana ce wa manoma irin wannan ambaliya sau ɗaya take zuwa a shekara ɗari, su kuma su koma su sake gini a wuri guda da kwanciyar hankali. Ma'anar maganar a wurinmu ita ce kowace damina akwai yiwuwar kashi ɗaya cikin ɗari, wanda idan aka tara shi a shekara talatin ya kai kashi 26, fiye da rubu'i ke nan, a rayuwar gida guda.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne littattafan. A wani ofishi da ba zan kama sunansa ba, an kwashe rijistocin awon gona da na ruwan sama na shekaru da dama an jibge a ɗaki mai yoyo domin a sami wurin sabbin kujeru, gara ta ci rabi, sauran na ga shafukansu a hannun mai tsire, da sa hannun Malam a ƙasa. Ba na ƙin na'urorin yau. Tauraron ɗan'adam yana ganin fadamar Wurno duka a kallo guda, abin da mu sai mu yi watanni muna takawa. Sai dai ba ya bambanta albasa da tafarnuwa sai wani ya shiga gonar ya tabbatar masa, kuma na ga masu cika tambayoyin gari guda a waya suna zaune gindin bedi a bakin titi.

Aiki yana nan ga mai so, a NAFDAC, da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, da hukumar hasashen yanayi, da Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, da asibitoci da jami'o'i. Roƙona ga malaman jami'o'inmu shi ne kada su sallami ɗalibin ƙididdiga sai ya yi damina guda da kakarta a Wurno ko Rabah ko Goronyo da igiya da sikeli a hannunsa. Ga hukumomi kuma, su tattara abin da ya rage na tsofaffin rijistoci a kwafe su, tun waɗanda suka san hannun da ya rubuta su suna raye.