Yadda Windows Ta Ƙwace Allo Daga Hannun Tsofaffin Wasanni

Lokacin da Red Alert 2 ya shigo kasuwa a watan Oktoban 2000, abin da yake nema daga kwamfuta bai taka kara ya karya ba idan aka auna da na yau: furosesa Pentium II mai gudun megahaz 266, ram megabayit 64, da katin hoto mai megabayit 2. Ko wayar Android mafi araha ta ninka wannan sau barkatai. Amma ɗauki wasan nan yadda yake a faifansa na asali, ka ɗora shi a kan kwamfutar cinya mai Windows 10, ka sha mamaki. Shafin farko sai ya yi ta nauyi, ka latsa maɓalli ka zauna jiran tsammani, wani lokaci ma allon ya yi baƙi ƙirin kiɗa na ta tashi. In ka yi sa'a ka shiga fagen daga, tankokin yaƙi su riƙa tafiyar hawainiya, suna cijewa suna saki. Daga nan sai mai kwamfuta ya nufi wurin mai gyara, a ce masa ya ƙara ram, ko a goge komai a sake ɗora Windows. Ya biya, ya dawo gida, jiya i yau. Ba a nan gizo ke saƙa ba. Matsalar ta samo asali ne daga wata yarjejeniya da aka ƙulla a 1995 tsakanin Microsoft da masu ƙera wasanni, wadda aka yi ta warware ta zare bayan zare har zuwa 2012.

Kafin wannan yarjejeniya, masu wasanni ba su ɗauki Windows a bakin komai ba. DOS ce gidansu, don ita ba ta shiga tsakaninsu da na'ura. Katin VGA da kamfanin IBM ya fitar a 1987 yana da wani yanayi mai ɗigo 320 a kwance, 200 a tsaye, da launuka 256. Kowane ɗigo bayit ɗaya ne, allon gaba ɗaya bayit 64,000, kuma suna jere a wani sanannen adireshi cikin ma'adanar kwamfuta. Mai rubuta wasa ya ajiye lamba a wannan adireshi, nan take ɗigo ya canza launi a allo, ba neman izini, ba jiran kowa. Windows 3.1 kuwa sai ka miƙa mata buƙatarka, ita ta zana maka a lokacin da ta ga dama. Ba mamaki da Doom ya fito a 1993 a kan DOS ya sauka.

Microsoft ya yi yunƙurin farko da wata ƙaramar manhajar zane mai suna WinG, aka kwashi kunya. A Kirsimetin 1994 iyaye da dama a Amurka sun saya wa 'ya'yansu faifan labarin The Lion King na kamfanin Disney, wanda ya dogara da WinG, sai ya ƙi tashi a kan wasu sababbin kwamfutocin Compaq Presario saboda saɓani da direban katin hotonsu. Yara na kuka, layukan wayar Disney suka cika da ƙorafi. Windows 95 na dab da fitowa, ga kuma masu wasanni sun ƙara samun hujjar guje mata. Ma'aikata uku na Microsoft, Alex St. John da Craig Eisler da Eric Engstrom, su suka haɗa abin da ya fito a Satumban 1995, wanda duniya ta sani da DirectX. Sashensa mai kula da zane shi ne DirectDraw, kuma alkawarin da ya ɗauka a fili yake: wasa zai iya karɓe allon dungurungum, ya sauya girmansa, ya sauya yawan launukansa zuwa 256 ko zuwa launi mai bit 16, a ba shi adireshin ma'adanar katin hoto ya rubuta da hannunsa, Windows ta koma gefe har ya gama. 'Yancin DOS ke nan aka dawo da shi a cikin Windows.

Tayin ya karɓu. Diablo, Age of Empires a 1997, StarCraft a 1998, Tiberian Sun da Age of Empires II a 1999, sannan Red Alert 2, duk a kan DirectDraw aka gina su. A wancan zamanin kuma Microsoft na lallaɓa tsofaffin manhajoji kamar ƙwai. SimCity yana da wani kuskure na komawa ya karanta wurin da ya riga ya saki a ma'adana. Maimakon a bar shi ya faɗi, sai aka sa wa Windows 95 wata dabara ta musamman da ke gane SimCity ne ke gudana, ta sauya yadda take rabon ma'adana dominsa shi kaɗai. Dalilin ba tausayi ba ne, ciniki ne: wanda ya sayi sabuwar Windows wasansa ya daina aiki, Windows zai zaga, ba mai wasan ba.

Sai dai tun ana cikin shagali kasuwa ta juya. Katunan hoto masu zana siffofi masu zurfi, irin Voodoo na kamfanin 3dfx da GeForce na Nvidia, suka ɗauke hankalin kowa. DirectX 7 na 1999 shi ne na ƙarshe da aka yi wa DirectDraw wani gyara na kirki. Da DirectX 8 ya zo a ƙarshen 2000, makonni kaɗan bayan fitowar Red Alert 2, sai aka ce masu sababbin ayyuka su koma Direct3D. Ba a cire DirectDraw ba, har yau fayil ɗinsa, ddraw.dll, yana nan cikin Windows 11. An dai daina kula shi. Masu ƙera kati ma suka bi sahu, ƙarfinsu duk ya koma kan sabon salon zane, tsohuwar hanya ta zama abin da direba ke yi don sauke nauyi kawai.

Windows XP ta riƙe alkawarin iya gwargwado. Vista ce, a Janairun 2007, ta taɓa tushensa. Ta zo da sabon tsarin direbobin hoto wanda a cikinsa Windows ce ke rabon ma'adanar kati tsakanin manhajoji, ta kuma zo da Desktop Window Manager, wato manhajar da ke karɓar zanen kowace taga daban, ta harhaɗa su, sannan ita ta ɗora a allo. Ba laifi a ce wannan ci gaba ne na gaske. Wanda ya yi zamani da XP ya san yadda direban hoto ɗaya kan kifar da kwamfuta baki ɗaya zuwa shuɗin allo, ya kuma san tagar da ta maƙale in ka ja wata a kanta ta bar sawu rututu. Vista ta rage duk wannan. Amma tsari irin wannan ba ya jituwa da manhajar da ta saba a miƙa mata allo ta yi yadda take so. Abin da Vista da Windows 7 suka yi shi ne sulhu: in tsohon wasa ya nemi allon kai tsaye, sai mai harhaɗa tagogin ya kashe kansa na ɗan lokaci. Allon ya yi ƙyaf, tagogi masu sheƙin gilashi su rasa sheƙinsu, in an rufe wasan su dawo.

Ko a haka ba a rasa rigima ba. A kan Windows 7 wasanni masu launi 256 sun sha fama da rikicewar launi: ka buɗe Age of Empires II ka tarar da ciyawa da ruwan teku sun yi dabbare-dabbare da ja da shunayya, don wasu sassan Windows na sa hannu a jadawalin launukan da wasan ya ɗauka nasa ne shi kaɗai. Maganin da 'yan wasa suka gano abin dariya ne. Ɗan fayil suke rubutawa mai layi uku: na farko ya kashe explorer.exe, wato manhajar da ke nuna tebur da sandar ƙasa, na biyu ya tayar da wasan, na uku ya dawo da explorer bayan an gama. Kuma yana aiki.

Windows 8, a Oktoban 2012, ita ta rufe ƙofa. Mai harhaɗa tagogi ya zama kullum a kunne, zaɓin kashe shi ma an cire, kuma tebur ya tsaya a launi mai bit 32 ba sauka. Wasan da ya nemi launi 256 ko bit 16, Windows za ta amsa masa da to, amma ba ta sauya komai a zahiri. Wani allon bogi take shimfiɗa masa, ya zana a kai, ita kuma ta juya kowane hoto zuwa bit 32 kafin ya isa idon mai kallo. Ga kuma wata matsalar da ta fi wannan ciwo. Wasanni irin Red Alert 2 da furosesa suke zane, ba da katin hoto ba, kuma sau da yawa sai sun karanto abin da ke ƙasa kafin su ɗora inuwa ko haske a kai. Katin zamani ya iya karɓar kaya da gudu, amma mayar da su baya ga furosesa tafiya ce mai tsada, don dole kowa ya tsaya ya jira. Wasan da ke yin haka ba ƙaƙƙautawa a kowane hoto, rabin rayuwarsa a jira take ƙarewa. Shi ya sa ƙara ram ba ya tsinana komai, kuma kati mai tsada bai fi mai araha ba a wannan fage. Hoto ɗaya mai ɗigo 800 da 600 a bit 16 bai ma cika megabayit ɗaya ba. Ba wuri ne ya yi kaɗan ba, hanya ce ta yi tsawo.

Wanda ya fahimci wannan zai gane dalilin da ya sa wani gajeren layi ya yi suna tsakanin masoya wasan. A cikin foldar Red Alert 2 akwai fayil RA2.INI, na ƙarin wasan mai suna Yuri's Revenge kuma RA2MD.INI. Ka buɗe shi da Notepad, ka nemo sashen Video, ka rubuta VideoBackBuffer=no a ƙarƙashinsa. Abin da ka ce wa wasan shi ne ya bar ajiye allonsa na ɓoye a katin hoto, ya ajiye shi a ram kusa da furosesa. A kwamfutoci da yawa wannan kaɗai ke raba mutum da cijewar.

Gyara mai ɗorewa kuwa daga wata tsohuwar ɗabi'ar Windows ya fito: in manhaja ta nemi fayil irin ddraw.dll, akan fara leƙa foldarta kafin a je ta Windows. Sai masu sa-kai suka rubuta nasu ddraw.dll ɗin, ka jefa shi kusa da wasan, shi ke nan. Aikinsa na tafinta ne. Wasan na magana da harshen 1995, yana zaton allon na hannunsa; tafintan na amsa masa da harshen, ya bar shi ya zana a ram, sannan ya ɗauki hoton da aka kammala ya miƙa wa kati ta OpenGL ko Direct3D 9, hanyoyin da direbobin yau ke ji da kyau. Wanda ya fi shahara a wannan dangin wasanni shi ne cnc-ddraw, wanda ya taso daga jama'ar CnCNet masu raya tsofaffin wasannin dangin su Red Alert 2, wato Command & Conquer a intanet. Akwai DDrawCompat, akwai dgVoodoo 2 da ke juya tsohon zane zuwa Direct3D 11 da 12, har da na katunan Voodoo da kamfaninsu ya rushe tuntuni. Kyauta ake ba da su duka. Abin lura kawai, a ɗauko su daga ainihin inda masu su ke ajiye su, don fayil irin wannan hanya ce mai sauƙi ta cusa wa mutum ƙwayar cuta.

Ba kowace cijewa ce ta allo ba. Daga 2005 furosesoshi masu cibiya biyu suka shigo gidaje, alhali tsofaffin wasanni an rubuta su ne da zaton cibiya ɗaya ce. Thief da System Shock 2 sun yi ƙaurin suna wajen sandarewa a kansu, har sai an ɗaure wasan a cibiya guda ta Task Manager. Linzamin kwamfuta na da yana aika rahoto sau 125 a daƙiƙa, na 'yan wasan yau sau 1,000, wasu tsofaffin wasannin kuma sai su shaƙe da saƙonni. Wasu ma akasin haka ke damun su, gudu ya yi musu yawa, cutar da ta girmi Windows: tun zamanin da ake auna lokaci da megahaz 4.77 na IBM PC ta 1981 aka sa wa kwamfutoci maɓallin Turbo don a iya rage musu sauri. A fayil ɗin saitin cnc-ddraw akwai layin ɗaure wasa a cibiya ɗaya da na taka masa birki, duk saboda waɗannan.

Ban ga laifin Microsoft ba don ya karɓe allo. Ba wanda zai so a koma zamanin shuɗin allo saboda wasan 2000. Kuma wani zubin mai wasan ne da laifi. Bayan sabuntawar 24H2 ta Windows 11, jirgin sama mai sauka a ruwa, Skimmer, ya ɓace daga GTA San Andreas, aka yi ta tsine wa Windows, sai a 2025 aka gano wasu lambobi ne aka manta sakawa a fayil ɗin ababen hawa na wasan, sa'a ce kawai ta rufa asiri shekara ashirin. Inda nake da ja shi ne da kamfanonin da har gobe suke karɓar kuɗin waɗannan wasanni, nauyin raya su kuma ya fi faɗawa kan mutanen da ba a biya ko sisi.

Kamfanin EA ya rufe Westwood, mahaifar Command & Conquer, a 2003. A 2020 ya fitar da sabon zubi na Tiberian Dawn da Red Alert na farko, a Maris ɗin 2024 ya kai tarin tsofaffin wasannin kasuwar Steam, a Fabrairun 2025 kuma ya saki asalin rubutun manhajar guda huɗu ga kowa: Tiberian Dawn, Red Alert, Renegade da Generals. Waɗannan yanzu ana iya buɗe cikinsu a cire DirectDraw ko duk abin da ya tsufa daga tushe. Tiberian Sun da Red Alert 2, waɗanda su Windows 8 ta fi jigatawa, ba sa cikin jerin, don haka masu gyaransu har yanzu daga waje suke lallaɓawa, da layi ɗaya a RA2.INI da ddraw.dll na aro.