Tushen Talaucin Yaran Arewa: Waiwaye Adon Tafiya

Mu da muke zaune a Kudu mun saba ganin ƙananan yara suna saukowa daga motocin shanu da na albasa, sun baro gida neman abin kai wa baka. Wasu makwabtanmu suna cewa halin Bahaushe ne. Tarihi bai nuna haka ba.

A binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2022, mutum miliyan 133 ne ke cikin talaucin da ya haɗa rashin ilimi, lafiya, ruwa da abinci. Miliyan 86 daga cikinsu suna Arewa. A Sakkwato abin ya kai kashi 91 cikin ɗari, a Ondo kuwa kashi 27. Yara biyu cikin uku a ƙasar nan suna cikin wannan hali, kuma ya fi tsanani a karkara.

Tazarar ta samo asali ne daga makaranta. 'Yan mishan sun buɗe sakandare a Legas tun 1859, amma sai 1909 Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nassarawa, Kano. Turawa sun taƙaita shigar mishan ƙasashen sarakuna, kuma ba su gina makarantun gwamnati masu yawa ba. Tsangayu, waɗanda sarakuna da zakka ke tallafa wa, an bar su da kansu, sai bara ta ƙaru. A 1955 Awolowo ya fara firamare kyauta a Yamma. Sai 1976 shirin UPE ya game ƙasa.

Daga baya abin hannun iyaye ya ragu. Farin 1973 ya kashe dabbobi da amfanin gona, cuta ta faɗa wa gyaɗa a 1975, dalar gyaɗar Kano ta ɓace, gwamnati ta koma kan man fetur. Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, masaƙun Kaduna da Kano suka riƙa rufewa. Yau rashin tsaro ya raba manoma da gonakinsu.

Abin da mutane suka ƙulla, mutane ne za su warware. A nan Kudu makaranta tana kusa da mu. Duk yaron da ke unguwanninmu, namu ne ko baƙo, mu tabbatar yana zuwa allo yana zuwa boko, mata da maza. Allah Ya shirya mana zuri'a.