Abinci da Ɗabi'ar Jiki: Ayurbeda a Ma'aunin Zafi da Sanyi na Ƙasar Kazaure

Likitancin gargajiya na Indiya, wanda ake kira Ayurbeda, ya tsayu ne a kan da'awa guda: ba a yanke wa abinci hukuncin kyau ko muni sai an san wanda zai ci shi. Littafin Charaka Samhita, wanda ya doshi shekara dubu biyu, ya koyar da cewa abubuwa uku ne ke tafiyar da jiki, wato vata da pitta da kapha, kuma ana haihuwar kowa da rinjayen ɗaya ko biyu daga cikinsu. Wanda vata ta rinjaya yakan zama siriri mai busasshiyar fata, sai a ce ya riƙa cin abu mai ɗumi da maiƙo. Mai pitta jikinsa da zafi, ga gumi ga ƙwarnafi, don haka ake raba shi da yaji da tsami. Mai kapha kuwa nauyin jiki da majina ne ke damunsa, sai a rage masa zaƙi a ƙara masa ɗaci. Gwamnatin Indiya ta ɗauki abin da muhimmanci har ta kafa wa likitancin gargajiya ma'aikata ta musamman a 2014.

Duk wanda ya tashi a Kazaure ko Roni ba zai ji wannan bayani baƙo ba. Tsohuwa takan ce jikanta "mai zafin jiki ne", ta hana shi barkono don kada basir ya tashi. Wani ya ce wake bai karɓe shi ba, wata ta ce nono da daddare yana sa mata majina. Da bazara ana neman farau-farau da tsamiya da zoɓo, da hunturu a koma ga kunu mai citta da masoro da kanumfari. Ba camfi ne kara zube ba, tsari ne mai tushe. Wani ɓangarensa ya fito daga lura ta kaka da kakanni, wani kuma ya shigo ta littattafan ɗibbu na Larabci, masu bayanin jini da balgamu da safra'u da sauda'u, da zafi da sanyi da danshi da bushewa, kamar yadda Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya tsara a cikin Al-Ƙanun. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi rubuce-rubuce a wannan fanni, har da risala a kan basir da wata a kan ciwon ido. Ita ma Indiya ba ta yi nisa da wannan silsila ba, domin Aliyu bn Rabban al-Ɗabari ya ware wa likitancinta sashe guda a littafinsa Firdausul Hikma tun wajen shekarar 850.

Don haka nake ganin kuskure ne mu ɗauko jadawalin Indiya na "ci wannan, bar wancan" mu ɗora wa kanmu, kamar yadda masu tallan magunguna a intanet ke kwaɗaitarwa. Shi kansa littafin Charaka ya sanya ƙasar da mutum ke zaune, da lokacin shekara, da abin da jiki ya saba da shi cikin sharuɗɗan zaɓen abinci. Masanan Ayurbeda ma sun bambanta mazaunin busasshiyar ƙasa da mazaunin fadama. Idan aka bi wannan ƙa'ida da gaskiya, abin da za a tambaya game da manomin Ɓaɓura mai noman gero da riɗi a jigawa kusa da iyakar Nijar shi ne fura da miyar kuka, ba shinkafar Basmati ba. Wanda ya watsar da geronsa ya sayi gari a gwangwani da sunan gyaran ɗabi'ar jiki ya saɓa wa littafin da yake ikirarin bi.

Sai dai kare tsarin namu ba ya nufin wanke shi. Wurin da fahimtar zafi da sanyi ta fi ƙarfi a ƙasar Hausa shi ne jego. An ɗauka cewa haihuwa tana barin jikin mace a buɗe, sanyi na iya shigarsa, don haka ake yi mata wankan tafasasshen ruwa safe da yamma na kwana arba'in ko fiye, a gasa ta, a ba ta kunun kanwa da nama mai yaji. Akwai rahama a cikin wannan al'ada da bai kamata a raina ba: mai jego tana samun hutu, da abinci mai ƙarfi, da kulawar uwa ko kaka. Amma a shekarun 1970 likitoci biyu a asibitin koyarwa na Zariya, Davidson da Parry, sun ga matan Hausawa da yawa suna zuwa da kumburi da gazawar zuciya bayan haihuwa, suka danganta hakan da yawan gishirin da ke cikin kanwa da tsananin gashi. Shekaru da dama wannan bayani ne ake karantarwa.

Daga baya binciken da Farfesa Kamilu Ƙaraye na Jami'ar Bayero ya jagoranta a asibitoci da dama na Nijeriya, wanda aka buga a 2020, ya sake duba lamarin. Ya tabbatar da cewa cutar ta fi yawa a arewa maso yamma, amma bai samu wanka da kunun kanwa a matsayin manyan dalilanta ba. Abubuwan da suka fito fili su ne rama, da rashin karatu, da rashin aikin yi, da hawan jini lokacin goyon ciki. Wannan bai halatta wa mai hawan jini shan kanwa ba, gishiri dai gishiri ne. Abin da ya nuna shi ne hukuncin tsohuwa da na likita duka suna buƙatar awo, kuma an daɗe ana tuhumar al'ada a inda talauci ma yake da hannu.

Wannan batu na rama shi ya fi tsaya mini a rai. Zaɓen abinci gwargwadon ɗabi'ar jiki magana ce ta wanda rumbunsa ke da hatsi. A ƙauyukan Gwiwa cikin watan Agusta, lokacin da tsohon gero ya ƙare sabo bai nuna ba, mai ciki ba ta tambayar ko jikinta mai zafi ne. Idan a kan wannan hali aka ƙara hana ta wani abinci mai gina jiki da sunan zafi ko sanyi, to an yi mata illa biyu.

Asalin da'awar kuwa, cewa jikuna sun bambanta, kimiyya ba ta ƙaryata ta ba. A 2015 masu bincike a Cibiyar Weizmann sun bi diddigin mutum 800, suka ga abinci iri ɗaya yana ɗaga sukarin jinin wani sosai, na wani kuwa kaɗan. Abin da binciken bai nuna ba shi ne cewa mutane sun kasu gida uku ko huɗu da za a gane da duban ido. Aikin da ke gabanmu a masarautar Kazaure da Ɓaɓura ƙarami ne, kuma mai yiwuwa ne. Ɗaliban kiwon lafiya su zauna da unguwarzoma da wanzamai da masu sayar da kayan yaji, su rubuta wane abinci ake kira mai zafi, wa ake hana wa, a wane lokaci. Sannan a ɗauki kowace magana a gwada ta da na'urar awon jini da ta sukari, a fara da fura da kunun kanwa, tun da su ne aka fi sha.