Ruwan Ginzo da Ƙwayar Zogale

Shekara da shekaru manoman lambu na Ƙofar Sauri ke ban ruwa daga Ginzo, rafin da ke kwashe dattin birnin Katsina. Laka ido na ganinta, dalma kuwa ɓoye take. Arewa ta ga kaifinta a 2010, lokacin da ƙurar ma'adinin zinariya ta hallaka yara sama da 400 a Zamfara.

Maganin yana da tsohon tushe. Tun tuni matan ƙauyukan Sudan ke daka ƙwayar zogale domin kwantar da lakar ruwan Nilu. Daga baya masana suka gano cewa ita da ɓawon gyaɗa da buntun shinkafa suna riƙe dalma a jikinsu. Duk ukun Katsina na da su. Saura shawarar inda za a binne buntun da ya sha guba.