Bargar Doki a Anka, Gummi da Bukkuyum: Daga Azara Zuwa Ƙarfe

Gabatarwa

A watan Agusta na shekarar 2024 ambaliyar ruwa ta afka wa garin Gummi da ƙauyukan da ke kewaye da shi, ta rushe gidaje masu yawa, musamman ginin ƙasa. Daga cikin waɗanda abin ya shafa har da wani ƙanen mahaifina, dattijo mai dawaki biyu, wanda bangon bargarsa ya zube cikin dare, Allah ya kiyaye dawakin suka tsira. Da na je yi masa jaje, sai ya miƙo mini wata takarda mai hotunan gine-ginen ƙarfe da ɗansa ya kawo daga Kano, ya ce, “Ɗana, kai da ka yi boko, duba mini. In sake ɗora ƙasa, ko in sayi wannan da ake ɗaurewa da noti?” Na ce, “Baba, a ba ni lokaci in yi tambaya.”

Wannan maƙala ita ce amsar da na samo. Na ga ya dace in gabatar da ita ga malamai da dattawa, domin tambayar ta shafi duk gidan da har yanzu ake jin haniniya a cikinsa, kuma ba za a amsa ta daidai ba sai an waiwayi tarihi.

Doki da Sarauta a Ƙasar Zamfara

Masana tarihi sun nuna cewa tun ƙarni na 14 doki ya zama ƙashin bayan mulki a ƙasar Hausa. Littafin tarihin sarakunan Kano ya danganta shigo da lifidi da kwalkwali da sulke ga Sarki Kananeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410. Sarautu irin su Madawaki da Ubandawaki da Sarkin Zagi duk daga hidimar doki suka samo asali, kuma a fadoji da dama Shamaki ne ke da alhakin kula da bargar sarki.

Zamfara ba ta fita daga wannan tsari ba. Bayan Gobirawa a ƙarƙashin Sarki Babari sun ci Birnin Zamfara a shekarun 1760, gidan sarautar ya yi ta ƙaura daga wannan gari zuwa wancan, har a ƙarni na 19 ya zauna a Anka, inda ake kiran sarkin da Sarkin Zamfara har yau. A Gummi akwai Sarkin Mafara, a Bukkuyum kuma Sarkin Danko. Duk waɗannan gidaje sun rayu a zamanin da ake auna ƙarfin sarki da yawan mahayan da zai iya fitarwa. Ko jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, waɗanda suka yi nasara a Tabkin Kwatto a 1804 da 'yan baka da dawaki kaɗan, ba su daɗe ba suka shiga tara dawaki, kuma a ƙasar Zamfara suka yi sansani a Sabon Gari a 1805.

Zuwan Turawa ya sauya matsayin doki. Ranar 15 ga Maris, 1903, mahayan Sakkwato suka fuskanci bindigogi masu aman wuta, daga nan doki ya bar fagen yaƙi ya koma na rangadi da hawan salla da tarbar manyan baƙi. Daga baya mota da babur suka karɓe rangadin. Rashin tsaro da satar dabbobi da suka addabi jihar nan tun wajajen 2011 sun ƙara rage masu kiwonsa, suka kuma tilasta wa wanda ke da shi ya tsare shi cikin gida. Dokin da a da yake yini a kan hanya, yau yana yini a ɗaure. Wannan ne ya sa ingancin barga ya fi muhimmanci a yanzu fiye da kowane lokaci.

Yadda Bargar Gargajiya Take

Bargar da na buɗi ido na gani a gidan kakanmu sassa biyu ce. Akwai fili mai turaku a ƙarƙashin inuwa, inda doki ke kwana da rani, an zuba masa yashi, an sa masa dabaibayi. Akwai kuma ɗakin da ake shigar da shi lokacin damina da tsananin hunturu, mai bangon tubali da rufin jinka, ko kuma soro mai azarar giginya a gidajen masu hali. Kusa da nan ake jibge harawa da ingirici, ana ajiye dusa da kanwa, kuma ɗan barga yana kwana inda zai ji motsin dokin.

Kowane ɓangare na wannan tsari yana da dalili. Bangon ƙasa mai kauri yana shanye zafin rana a hankali, sai dare ya yi ya sake shi, saboda haka ɗakin ba ya yin zafi da tsakar rana. Jinka tana barin iska ta fita ta sama. Yashi yana tsotse fitsari, yana da taushi ga kofato, kuma ana kwashe shi tare da kashin doki a kai gona. Hayaƙin da ake turarawa da magariba yana korar ƙwari, kuma ilimin zamani ya gaskata magabata a kan haka: tsando ne ke kawo sammore, sannan wata muguwar annobar dawaki ta Afirka wasu ƙananan ƙwari ne masu cizo da almuru da asuba ke yaɗa ta.

Sai dai wannan barga tana da abokan gaba uku: ruwa, gara da gobara. Bangon ƙasa yana bukatar yaɓe kowace shekara, jinka tana bukatar sabuwar ciyawa, kuma azara ta yi tsada domin giginya ta yi ƙaranci. A da akwai barori da talakawan da ke wannan aiki. A yau mai doki da aljihunsa yake yi.

Zuwan Kwano da Ginin Ƙarfe

Ginin ƙarfe da ake ƙerawa a masana'anta a kawo a haɗa ba sabon abu ba ne. A shekarar 1829 wani injiniya ɗan Ingila mai suna Henry Palmer ya yi rajistar fasahar kwano mai ƙwarya-ƙwarya, domin rufin rumbunan tashar jiragen ruwa ta Landan. A 1843 aka ƙera gidan ƙarfe sukutum a Libaful, aka ɗoro shi a jirgi zuwa ga Sarki Eyamba na Kalaba. A 1916, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, sojojin Ingila suka fara amfani da bukkar ƙarfe ta Nissen, wadda mutane kaɗan ke iya haɗawa cikin yini guda. A ƙasarmu kuwa jirgin ƙasa ne ya sauƙaƙa zuwan kwano, bayan ya isa Kano a 1911 da Ƙauran Namoda a 1929. Daga ofisoshin En'e da shagunan kamfanonin sayen gyaɗa da auduga, kwano ya bazu zuwa gidaje, daga ƙarshe ya hau kan barga.

Ginin da ake tallatawa a yau ya wuce rufin kwano kawai. Ginshiƙai da ƙarafan rufi duk ana yanka su a huda su a masana'anta bisa awo, a kawo su a mota, a kafa su a kan tubalan kankare, a ɗaure da noti. Wannan shi ne tsarin da ya zama ruwan dare a bargogin Amurka da Turai. A garuruwanmu kuma masu walda suna yin kwatankwacinsa da bututun ƙarfe.

Fa'idarsa a fili take. Gara ba ta cin ƙarfe, ruwa ba ya narkar da shi, ba ya kama wuta kamar jinka, ana gama shi cikin 'yan kwanaki, kuma idan zama ya gagara ana iya kwance shi a ƙaura da shi, abin da mutanen ƙauyukanmu suka san darajarsa a waɗannan shekaru.

Amma na taɓa ganin illarsa da idona. Wani abokina ya sa aka yi masa rumfar ƙarfe gajeriya, aka kewaye ta da kwano har ƙasa, aka shafe daɓen da siminti. Da bazara ta yi, lokacin da zafi kan haura digiri 40, sai ɗakin ya koma kamar tanda. Ingarman ya rage cin abinci, ya rame, rannan kuma ya yi harbi ƙafarsa ta fasa kwanon, bakin ƙarfen ya yanke shi. Wani tsohon ɗan barga da aka kira ya duba, ya ce, “Malam, ai wannan garejin mota ka gina.” Dalili kuwa shi ne kwano ba ya riƙe zafi kamar ƙasa, nan take yake watsa shi ga abin da ke ƙarƙashinsa. Ƙasashen da aka tsara waɗannan gine-gine dominsu sun fi damuwa da sanyi da ƙanƙara, mu kuwa zafi ne matsalarmu.

Abin da Ya Kamata a Duba

Shawarar da na kai wa Baba ita ce a bar ƙarfe ya ɗauki rufi, ƙasa kuma ta ci gaba da kewaye doki. Ga yadda na zayyana masa.

Na farko shi ne wuri. A garuruwan da ke kusa da Kogin Zamfara, irin su Gummi, dole a nemi tudu, a ɗaga daɓen sama da hanyar ruwa. Ƙarfe ma idan gindinsa ya zauna cikin danshi tsatsa za ta ci shi.

Na biyu shi ne tsawo da faɗi. Ma'aunin da aka saba da shi a duniya ga babban doki guda shi ne ɗaki mai ƙafa 12 a tsaye da ƙafa 12 a kwance, wato kimanin mita 3.6 kowane gefe. Rufi kada ya gaza mita 3 a gefensa mafi gajarta, domin doki kan yi tsaye da ƙafa biyu, kuma nisan kwano daga bayansa shi ne sauƙin zafi. A bar kafa a ƙololuwar rufin don iska mai zafi ta fita, a shimfiɗa zana ko asabari a ƙarƙashin kwanon, a zaɓi kwano mai farin launi, a kuma sako bakin rufin ya yi wa bango inuwa.

Na uku shi ne bango. Daga ƙasa zuwa kafaɗar mutum a gina da tubali ko bulo a kan harsashin dutse da siminti, daga nan zuwa sama a bar shi a buɗe, a sa raga mai ƙananan idanu saboda ƙwari. Kada a bar kwano ko bakin ƙarfe a inda kofato ko fuskar doki za su kai. Tun da ginshiƙai ne ke ɗauke da rufi, ko da bango ya jiƙa ya zube, rufin ba zai faɗo wa dabba ba. Wannan ita ce babbar ribar haɗa tsoho da sabo.

Na huɗu shi ne ingancin ƙarfen. Fitsarin doki yana cin ƙarfe, saboda haka a nemi wanda aka yi wa rufin tutiya, ko a riƙa yi masa fenti, a kuma ɗora gindin kowane ginshiƙi a kan kankaren da ya ɗara daɓe. Iskar farkon damina, wadda kowace shekara take yaye rufin makarantu, ba ta raga wa ginin da aka yi wa ƙwauron noti. A tambayi mai sayarwa kaurin ƙarfe da na kwano, a rubuta a takardar ciniki, domin araha ba ta ado.

Na biyar shi ne daɓe. Siminti tsurarsa yana da santsi, yana gajiyar da ƙafa, don haka yashi a kan dandaƙaƙƙiyar ƙasa ya fi. A nan akwai gargaɗi na musamman ga mutanen Anka da Bukkuyum. A shekarar 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyuka irin su Bagega, Abare, Dareta da 'Yargalma, sakamakon niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje, inda yara fiye da 400 suka rasu. Doki yana cin abinci a ƙasa, yana lasar bango, kuma yara ne suka fi zama a barga. Kada a ɗebo ƙasar gini ko yashin daɓe daga wurin da aka taɓa niƙa ko wanke duwatsun ma'adinai.

Na ƙarshe shi ne abin da babu masana'antar da ke ƙerawa. Babban doki yana shan lita 25 zuwa 50 na ruwa a yini, ya fi haka da bazara, saboda haka ruwa ya kasance kusa. Rumbun harawa ya yi nesa kaɗan saboda gobara. A bar itacen inuwa da turke a waje kamar yadda aka gada, kuma ɗakin mai kula da doki ya kasance inda zai ji motsinsa cikin dare.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa kayan ginin barga sun sha sauyawa, daga jinka zuwa azara, daga azara zuwa kwano, yanzu kuma ga ƙarfen masana'anta. Bukatun doki kuwa suna nan yadda suke tun zamanin Birnin Zamfara: inuwa, iska, busasshiyar ƙasa da mutum a kusa. Ginin da ya biya waɗannan bukatu shi ne barga, ko da me aka yi shi.

A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan dawaki na Kano cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana. Mu ma a Anka da Gummi da Bukkuyum muna da namu gadon, kuma ba zai ɗore ba sai dawakin sun rayu cikin lafiya. Ina kira ga malaman makaranta da su kai ɗalibai bargar fada, su zauna da tsofaffin 'yan barga, su rubuta sunayen kayan doki da launukansa da hanyoyin kula da shi tun masu sanin suna raye.

Baba dai ya kafa ginshiƙan ƙarfe, ya ɗaga rufi, ya kira maginin unguwa ya ɗora masa rabin bango na ƙasa. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya maido mana da hawan salla cikin kwanciyar hankali, amin.