Daga Masauki Zuwa Gidan Haya: Yadda Haƙƙin Ɗan Haya Ya Samo Asali a Ikko

Kalmar "maigida" ma'ana biyu gare ta a bakinmu, mu mazauna Kurmi, kuma da yawa daga cikin rigingimun hayar da ake kaiwa gaban shugabanninmu a Agege da Idi-Araba da Obalende, daga cakuɗa ma'anonin nan biyu suke tasowa.

Maigida na farko shi ne na zamanin kakanninmu. Tun da jirgin ƙasa ya haɗa Ikko da Kano wajen 1912, fataken goro da na shanu suka yi ta kwararowa, zango-zango suka bunƙasa: ga Sabo ta Badun da aka kafa a 1916, ga Shagamu, ga namu na Agege. Maigida a lokacin mai masauki ne. Shi ke ba baƙo ɗaki da tuwo, ya ajiye masa kuɗinsa, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa in an ɗauki shanunsa bashi. Ba ya bin sa kuɗin ɗaki, rabonsa yana cikin la'ada. Saboda haka in rufi ya yi yoyo ba ya jira sai an yi masa magana, don ya san baƙon da ya kwana cikin ruwa, baɗi wani gida zai sauka. In saɓani ya shiga, Sarkin Hausawa da limami su raba. Ba takarda, ba lauya, amana ce kawai.

Maigida na biyu kuwa mai gidan haya ne, abin da ya haɗa mu da shi kuɗi ne. Ya yi ƙarfi bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1970, sa'ad da kuɗin man fetur suka jawo jama'a Ikko, ɗakuna suka yi wuya. Da aka yi ƙarin albashin Udoji na 1974, masu gidaje suka ce su ma ai sai sun sha romo, haya ta yi tashin gwauron zabo har a kan wanda bai taɓa cin albashin gwamnati ba, irin su mai shayi da maigadi da ɗan dako. Wannan ya sa a 1976 gwamnatin soja ta Jihar Legas ta kafa dokar ƙayyade kuɗin haya. Rushe Maroko a 1990 ya ƙara watso dubban mutane neman ɗaki. A 1997, zamanin Kanar Buba Marwa, aka sake wata dokar, aka kasa gari shiyya-shiyya, aka yanka wa kowane irin ɗaki farashinsa, aka kafa kotunan haya.

To, farashin gwamnati dai a takarda ya tsaya. Mutum goma na neman ɗaki ɗaya, wa zai ce wa mai gida ga abin da doka ta yanka? Mu kuma, gaskiya, kotunan ba su ga ƙeyarmu sosai ba. Muna ganin kai ƙara abin kunya ne ga baƙo, muna ta yi wa maigida na biyu kara irin wadda ta dace da na farko.

Dokar haya ta 2011, wadda Gwamna Fashola ya sa wa hannu, ta bi wata hanya dabam. Ba ta yanka farashi ba, sai ta tsara zaman. Ta hana karɓar kuɗin fiye da shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, haka nan fiye da wata 6 daga wanda ke zaune yana biya wata-wata. Wanda ya karɓa da wanda ya bayar duk sun yi laifi, tarar Naira 100,000 ko ɗaurin wata 3. Ta wajabta ba da rasit. In ba a rubuta wani abu dabam a yarjejeniya ba, mai biya wata-wata notis ɗin wata 1 gare shi, mai biya shekara-shekara wata 6, bayan nan a ƙara masa takardar kwana 7, sa'an nan a je kotu. Kotu ce kaɗai ke fitar da mutum. Cire ƙofa ko kwano, ko kawo 'yan daba su watsar da kaya, laifi ne mai tara har Naira 250,000 ko ɗaurin wata 6. Wanda kuma aka yi wa ƙarin da ya wuce hankali yana da damar kai kuka kotu. Amma an ware Apapa da Ikoyi da Victoria Island da unguwar Turawa ta Ikeja, dokar ba ta hau kansu ba.

Maganar gyara ita ce inda muka fi yin asara, don haka a kula. Dokar ta ɗora wa mai gida gyaran wajen gida da wuraren da kowa ke amfani da su, ta hana shi toshe wa ɗan haya abin da ake tarayya a kai, kamar rijiya ko bayan gida, ko ya riƙe masa kaya. Kula da cikin ɗaki kuwa na ɗan haya ne, ban da tsufan da zama ke kawowa. Mutanenmu sukan yi ɗaya daga cikin biyu. Wani ya ce tun da an ƙi gyara masai shi ma ya riƙe haya, bai san mai biya wata-wata in bashin wata 6 ya taru a kansa hayarsa ta faɗi ba, ya miƙa wa mai gida wuƙa da nama. Wani kuma ya zaro kuɗinsa ya sa kwano, ya yi daɓen siminti, bisa alkawarin baki cewa za a cire masa a haya. Ranar da aka ba shi notis sai a ce wa ya sa shi? Dokar ta yarda a biya ɗan haya abin da ya kashe wajen inganta gida, amma sai in mai gida ya amince tun farko a rubuce.

Tun 1999 Ma'aikatar Shari'a ta jiha ta buɗe cibiyar sulhu, inda ake zaunar da mai gida da ɗan haya kyauta, kusan irin zaman da ake yi a ƙofar Sarkin Hausawa. Sai dai can, bayan gaisuwa, abin da za a fara tambayarka shi ne: ina rasit?